Yadda Za Ka Zama Likitan Gwiwa da Fitsarin Hangara

Kai saurayi, jingine hauyar nan ka karanta, in ba ka iya ba ka sa a karanta maka. In ka bi matakan da zan shimfiɗa maka, na yi alkawari kafin a gama yankan gero za a riƙa kiranka likita daga Bodinga har Shagari, ba tare da ka taɓa riƙe allura ko ka leƙa aji ba. Ni kaina ban daɗe a elementare ba na gudu, amma hanyar nan gwadaddiya ce. A kan abokina Mode aka gwada ta, kuma ta ci.

Ga yadda aka yi. Saboda wannan yaƙi na Turawa aka kawo mana ɗiban gwamna, wato kowane gari ya ba da maza su je Jos haƙar kuza. Waɗanda suka je a karon farko sun dawo da tari da kumburarrun gwiwoyi, don a cikin ruwan sanyi suke wuni. Wasu ba su dawo ba. Hakimin ƙauyenmu, Arzika, shi ke nuna wanda zai tafi. Ƙauyen yana tsakanin Bodinga da Shagari, iyakar abin da zan faɗa ke nan. A unguwarmu samari biyu suka rage marasa mata marasa gonar kansu, ni da Mode, kuma dole ɗaya ya tafi bayan kaka.

Mode ya same ni a gindin tsamiya ya ce, “Na'Allah, ni aradu ba ni zuwa Jos. Ka ga wada Sani yad dawo? Tari kamar tsohon jaki.”

Na ce, “To mi ka iya?”

“Ban iya komi ba.”

“Madalla. Likita za ka zama.”

Na nuna masa cewa Hakimi ba ya tura mai amfani. Bai tura maƙeri ba, bai tura wanzami ba, bai tura makaɗinsa ba. Ga shi kuwa gwiwarsa ta dama ta dame shi, har a zaune yake salla, sai mutum biyu sun tallafa yake hawa doki. Wanda ya warkar da gwiwar nan ya tsira. Dubi kirkina: sana'ar tana hannuna, amma na ba aboki.

Mataki na ɗaya: Koyi sunaye kafin ka koyi magani

Likita ba da magani yake cin abinci ba, da suna yake ci. In mutum ya miƙo maka hannu, kada ka ce “ƙurji ne”. Ko akuya ta san ƙurji.

Kumburin da ya tashi kamar ƙwan tsaka, fata siririya a sama, ruwa garai-garai a ciki, shi ne bororo. Shi ne jarinka, ka girmama shi. Kada ka rikita shi da kanta, wadda hauya ke sa wa a tafin hannu, busasshiya ce ba ta da ruwa, ba ta da riba. In wuta ko tafasasshen kunu ya tayar da shi, ka ce ƙuna. In ƙanana ne sun yi jerin gwano a gefen baki ko a haƙarƙari suna raɗaɗi, ka girgiza kai ka ce tautau ya bi ta nan, ba wanda zai ce ka kamo tautau ɗin a tambaye shi. In sun watsu a jikin yara duk gida, ƙarambau ne, ka yi addu'a ka wuce. In ya fashe ya ƙi rufewa ya fara wari, ya zama gyambo, daga nan ba ka taɓa ganin mutumin ba.

Akwai wanda ba a kiran sunansa, wato agana. Tsofaffi ado suke ce masa don kada ya ji ya waiwayo. In ka ga alamarsa, likitancinka ya ƙare. Tattara komatsanka ka bar wa masu yin lambar rigakafi aikinsu.

Na taɓa raɓewa a bayan tagar asibiti na ji malamin ya ce “bilista”. Wannan ka ajiye ta don mai rawani. Talaka yana yin bororo, babban mutum bilista yake yi.

Mataki na biyu: Zaɓi abin da zai tayar maka da shi

Likitan da ke jiran bororo ya zo da kansa yunwa za ta kashe shi. Kai ne za ka shuka, kai ne za ka girbe.

Nonon tumfafiya yana ko'ina, kowane juji akwai shi, shi ne aibinsa, don kowa ya san warinsa. Dakakkiyar tafarnuwa tana ƙona fata in ta jima, amma majinyaci zai riƙa ƙamshin miya, ƙudaje su bi shi har masallaci. Ruwan toka mai ƙarfi na masu sabulu ne, kada ka shiga gonarsu.

Sai tinya. Ka ji ni da kyau: kada ka kusanci tinya. Nononta maharba ke nema don dafin kibiya, ɗigo ɗaya a ido ya isa ya sa a ja ka da sanda. Na faɗa wa Mode haka a gaban shaidu, wato jakinsu da ni.

Abokiyar aikinka ita ce hangara, ƙwaron nan mai dogon jiki da ke sauka a kan gero in ya yi bununi. Kowane manomi ya san in ta yi maka fitsari a wuya, gobe ka tashi da bororo. Abin da manomi bai sani ba shi ne za a iya sayar masa da shi. A shafa kawai ake yi. Kada ka kuskura ka ba wani ya sha, wannan ba likitanci ba ne, kisan kai ne, kuma Alkali ba ya dariya.

Mataki na uku: Kama ta, kada ta kama ka

Fita da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba, lokacin jikinta a mace yake. Kara gora a ƙarƙashin zangarniya ka kaɗa. In ta sauka a jikinka, hure ta. Kada ka mare ta. Masu hikima sun ce mai marin hangara kansa ya mara, in ma ba su ce ba, sakaci suka yi.

Mode ya manta gora a ranar farko, sai ya tara su a aljihun wando ya zauna a kan jaki. Mako guda yana tafiya kamar wanda aka yi wa kaciya da girma. Na ce masa ya gode Allah, ba kowane likita ke sanin ƙarfin maganinsa tun daga tushe ba.

Shanya su, daka su a inda ba kowa, cuɗa da man shanu, zuba jan garura ko wani abu mai launi don kada a gane. In an tambaye ka, ka ce daga Gwanja wani Buzu ya kawo maka. Magani ba ya ci a garinsu.

Mataki na huɗu: Nemi ciwon da ido ba ya gani

Kada ka taɓa karaya, kada ka taɓa makanta. Waɗannan kowa zai ga in ba su warke ba. Naka shi ne sanyin ƙashi: gwiwa, ƙugu, kafaɗa. Duk wanda ya haura arba'in yana da shi, kuma duk ya yarda cewa sanyi ne ya shige shi ya kwanta a gaɓa. Shekara da shekaru ana ce masa akwai ruwa a ciki, ba wanda ya taɓa nuna masa ruwan. Kai ne za ka nuna masa.

Sauran aikin jiki ne zai yi maka. Sabon zafi yana mantar da tsoho. Bororo kuwa da kansa yake bushewa, in ya bushe ka ce kai ne.

Mataki na biyar: Fara da dangi

Dangi ba sa kai ƙara. Mode ya fara da Inna Shatu, ƙanwar uwarsa, mai sayar da daddawa. Ya shafa mata a gwiwa da hantsi ya ɗaure da ganye. Kafin la'asar ana jin ta daga bakin rijiya.

“Kai ɗan nema! Mi kas shahwa min? Wuta ta?”

“Inna, sanyi na ka gudu. Ya ji zahi shina neman ƙohwa.”

“To shi nemi wata ƙohwa mana, dole sai ta hwatata?”

Da gari ya waye ga bororo kamar ƙwan zabuwa. Nan ne wurin da za ka nuna gwaninta. Tara mutanen gida. Yi bisimilla da ƙarfi. Huda da ƙayar aduwa, tari ruwan a ƙoƙo, ka zagaya da shi kowa ya leƙa. Kada ka yi dogon bayani, majinyaci zai yi maka.

Inna Shatu ta leƙa ƙoƙon ta riƙe haɓa. “Na gane shi. Ruwan gulbi na. Tun shekarar da niy yi wanki da jego, uwar mijina tac ce kar in tahi, nit tahi. Ashe nan yal laɓe!”

Ka gani? Har ta san ranar da ya shiga.

Mataki na shida: Kada ka yi talla, nemi mai baki

Da fatar ta rufe, Inna Shatu ta ɗauki daddawarta ta taka har kasuwar Dandin Mahe, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ko gwiwar ce ta yi sauƙi, ko labarin ne ya ƙi zama a cikinta, Allah masani. Duk wanda ya taya daddawa sai ta ɗage zane ta nuna masa tabo. Kafin mako ya zagayo tsofaffi na zuwa a kan jakuna daga Mandera da Dingyaɗi, suna zama a ƙofar gidan su Mode, kowa na jiran a ƙona shi. Wani ma da nasa bororon bai kai na maƙwabcinsa girma ba sai da ya yi fushi, ya ce an yi masa rowa.

Kai dai ka riƙa tafiya a hankali, kana kallon gwiwar mutane maimakon fuskarsu, kana cewa “hmm”. Kada ka aika fada. Fada za ta aiko.

Mataki na bakwai: In an ce ka fara da kanka, kada ka yi gardama

Ta kuwa aiko. Mode ya shiga zauren Hakimi da hantsi, na bi shi na zauna a bakin ƙofa cikin jama'a. Ya faɗi ya yi gaisuwa. A gefen Hakimi akwai Ummaru wanzami, wanda ya yi shekaru yana kafa wa gwiwar nan ƙaho, yanzu kuma yana ganin tuwonsa zai koma akushin yaro.

Abin da ban sani ba, Mode ya yi wa kansa lissafi cewa babban mutum babban sanyi gare shi. Ya ninka hangara, ya kuma ɗiga tinya. Tinyar da na hana shi.

Ya duba gwiwar ya ce, “Ranka shi daɗe, wanga aiki sai an tada bilista.” Fadawa suka dubi juna, kalmar ta shige su. Har ya buɗe gora sai Ummaru ya yi gyaran murya.

“Allah shi ba ka nasara, tun kakanni ba a ba babba magani sai mai shi ya ɗanɗana.”

Mode ya ce, “Wanzam, wanga ba na sha ba na. Na shahi na.”

“To shahwa. Gwiwa gare ka ko babu?”

“Ni lahiyata lau.”

“Ai shi ya sa. Mai lahiya mi zai ji tsoro?”

Al'ada ce, ba ta da makawa. Ummaru da kansa ya karɓi gorar, ya lakato da kara ya shafa wa Mode, bai yi rowa ba ko kaɗan. Sannan aka shafa wa Hakimi daidai wancan. Aka ce likita ya zauna nan gaban Hakimi a ga yadda maganin zai yi da su.

Mataki na takwas: Riƙe fuskarka

Ka sani, mai sarauta ba ya cewa wayyo a gaban talakawansa. Likita kuma ba ya cewa wayyo da maganinsa. To ga su nan suna fuskantar juna, wuta na cin kowa, ba mai ikon motsi.

Gumi ya fara biyo rawanin Hakimi yana ɗiga daga gemu. Mode ya kafa ido a kan azarar rufi, leɓensa na rawa, jama'a suka ce wuridi yake yi. Aka shigo da wasu mutum biyu masu rigimar akuya da ta ci wake, rigimar da ta isa ta kai azahar. Mai waken bai gama sallama ba Hakimi ya ce, “Ku raba akuyar, ku raba waken, ku tashi.” Fadawa suka ce ba a taɓa ganin hukunci mai kaifi irin wannan ba.

Can Hakimi ya dubi Mode, murya ƙasa-ƙasa. “Likita, yaya kaka ji?”

“Sanyi-sanyi, ranka shi daɗe. Allah shi sa haka ranka shi daɗe ka ji.”

“Haka.”

Hakimi bai tashi ba sai da ladan ya kira salla. Ya shiga gida da ƙafarsa, ba mai tallafa masa, da sauri kuwa, abin da aka yi shekaru ba a gani ba. Jama'a suka yi kabbara. Abin da aka ji daga cikin gida bayan an rufe ƙofa, matan unguwa sun ce sa ne aka kayar. Ni ban ga nama ba.

Washegari gwiwar Mode ta yi bororo har uku, kowane ya fi na Inna Shatu. Ummaru ya tasa shi gaba a bainar jama'a.

“Kai kac ce lahiyarka lau. To wanga ruwa daga ina?”

In ka kai nan, kada ka daburce. Yi yadda Mode ya yi. Ya kama hannun Ummaru da hannu biyu ya ce, “Ashe ina da shi ban sani ba! Wanzam, Allah shi saka maka, ka ceci ƙahwata.” Ummaru ya fizge hannunsa. A ranar na yi alfahari da ɗalibina.

Mataki na tara: In yabo ya yi yawa, duba bayanka

Hakimi ya jima bai fito ba, an ce fatar gwiwar gaba ɗaya ta saɓule kamar ta dafaffen tumatir. Da ya fito, a tsaye ya yi salla. Mode ya je gaisuwa da gorarsa, ya ce, “Ranka shi daɗe, saura ta hagu.”

Hakimi ya dube shi. Ka tuna shi ma manomi ne kafin a naɗa shi, ya san gero, ya san abin da ke sauka a kan gero. Amma ya riga ya zauna a gaban garinsa an shafa masa, an yi kabbara. Ya ce, “Ta hagu ta ji labari. Ta warke.” Ya sa aka ba Mode sabuwar hula.

Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna aka kai rumbu, sai ga jakadan Ubanƙasa, wanda ke sama da Hakimi, ya zo karɓar mutane. Aka tara gari a ƙofar fada. Ni ina can baya, uwata ta riga ta ƙulle mini ƙunshina da ɗan garin gero da barkono, tana kuka ba sauti. Mode na gaba, sabuwar hula a karkace, gwiwa ta warke sumul, yana amsa gaisuwar tsofaffi.

Hakimi ya yi salati ya ce, “Jama'a, kun ga abin da Allah yay yi min ta hannun yaron ga.”

Aka ce, “Mun gani!”

“Ni ina kwance cikin ɗaki, ga wuta ga bargo, Allah ya ba ni likita. Ɗiyana suna can Jos tsaye cikin ruwa, sanyi na shiga ƙashinsu, babu mai hidda musu shi. In na riƙe likita don gwiwata ɗaya, mi za ni ce ma Allah?”

Fadawa suka ɗauka, “Adali! Uban marayu! Gaskiya ta!” Inna Shatu ta rangaɗa guɗa, sai da ta kai tsakiya ta gane, ta haɗiye sauran.

Yanzu ka auna. Mode zai iya miƙewa ya ce shi ba likita ba ne, fitsarin hangara ya shafa wa Hakimi a gaban fadawansa. Sai a yi masa bulala, sannan ya tafi Jos ɗin. Ko ya yi shiru ya tafi da hularsa. Ya zaɓi hula. Ummaru wanzami, don tsabar ladabi, shi ya ɗaukar masa gorar har bakin gari.

Da suka zo wucewa ta gabana Mode ya tsaya. “Na'Allah, kai ka san haka za a yi.”

“Ni likita nic ce za ka zama. Ka zama ko ba ka zama ba?”

Ya ambaci uwata da wata kalma da ba ta dace da likita ba, dogari ya tura shi gaba.

Wani da ya dawo kwanan baya ya ce ya gan shi da ransa. Wai leburori layi suke yi a bakin bukkarsa, don wanda gwiwarsa ta yi bororo ba a sa shi shiga rami sai ta bushe, kuma daga Bature har helima, shugaban leburori, ba mai kiransa Mode, sai Likita. Kullum ina sa shi a addu'a, Inna Shatu kuma ta daina amsa gaisuwata.

Karɓi wannan kafin ka tashi

Ni suna na yi maka alkawari, ban ce kana gida za a kira ka da shi ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya saɓule, ko ya saɓule wani, ko ya wayi gari a cikin jirgin ƙasa, shi da Allahnsa. Ban san shi ba, ban ba shi gora ba, ban taɓa ganin hangara ba, tinya kuwa ina da shaida na hana. Masu cewa da gangan na yi, hassada ce, kuma ba za su iya rantsuwa ba. Abu ɗaya zan ƙara maka kyauta: in samari biyu kuka rage a unguwarku, ka tabbata kai ne mai ba da shawarar.